Injiniya Mudi da Yarensa Mai Baki Ɗaya

Mudi bai taɓa zama a ajin koyon kwamfuta ba, amma in ka kira shi Mudi kawai ba ka sa Injiniya a gaba ba, sai ya yi kamar da wani kake. A Maska yake zaune tare da kakarsa, wadda kowa ke kira Tsohuwa. Kullum da safe yakan tsaya bakin hanya yana ɗaga wa masu babur hannu, har ya sami mai tausayin da zai rage masa hanya zuwa Funtua. A can yake wuni, a shagon cajin waya na abokinsa Rabe, yana kallon bidiyon koyon rubuta manhaja. Da wani kawunsa ya bar masa tsohuwar kwamfutar cinya, wadda murfinta ba ya tsayuwa sai an tokare shi da bulo, majalisar ƙofar shagon ta daina jin hirar ƙwallo.

Ba a ce bai iya komai ba. Yakan rubuta umarni kwamfuta ta bi. Sai dai abin da ya iya bai fi cikin cokali ba, abin da yake faɗa kuwa tanki ba ya ɗauka.

Wata rana ya iso majalisa yana fara'a, ya ajiye bulonsa, ya ce, "Jama'a, a taya ni murna. Na ƙirƙiro yare."

Rabe ya ce, "Hausar ce ta ƙare?"

"Yaren kwamfuta, malam. Sunansa Rumbu. Ku matso ku ji. Duk yarukan da aka yi wa kwamfuta ciwonsu ɗaya ne. In jerin sunaye gare ka, da yadda za ka yi masa magana. In haruffan kalma ne, wata hanya daban. In buhuna ne a sito, wata daban. Mutum ya yi ta yawo da tarin makullai kamar mai gadin kasuwa. Ni kuwa na ce a'a. Duk abin da yake a jere, mutane ne, haruffa ne, awaki ne, da baki ɗaya za a yi masa magana. Kalma uku kacal. Ka ce nawa, ya gaya maka yawansa. Ka ce ɗauko na kaza, ya miƙo maka. Ka ce sauya na kaza, ya sauya. Sunan tsarin nan Baki Ɗaya. Nan gaba daga Kano za a riƙa zuwa ɗaukar darasi a wannan bencin."

"To su zo da nasu bencin," in ji Rabe.

A cikin masu jiran wayarsu ta cika akwai Malam Aƙilu, sakataren ƙungiyar manoma ta Maska, mutumin da takardu suka sa wa furfura tun lokacinta bai yi ba. Ya gyara zama, ya ce, "Injiniya, wannan abin naka zai riƙe sunayen 'yan ƙungiya da kayanta? Don shugabanmu Alhaji Bature ya ce duk wanda ya mayar mana da aikin nan cikin kwamfuta, shi zai riƙe babur ɗin ƙungiya."

Mudi ya ji kalmar babur har cikin ƙafafunsa. Ya ce, "Malam, ƙungiyarku ai karin kumallo ce a wurin Rumbu. Abu ɗaya kawai za ku kiyaye. A yarena daga sifili ake fara ƙidaya. Na farko shi ne sifili, na biyu shi ne ɗaya."

Rabe ya ajiye wayar da ke hannunsa, ya ce, "Tsaya. Kai ne ɗan fari a gidanku, ko?"

"Ni ne."

"To sannu da zuwa, Sifili."

Dariya ta ɓarke har mai shayin tsallaken titi ya leƙo. Mudi ya ce jahilci ne ke damun su, haka manyan masana suke ƙidaya a duk duniya. Malam Aƙilu ya share hawayen dariya, ya ce ya je ya gwada abin a kan wani abu tukuna, in ya yi kyau sai a yi magana.

Mudi ya duba gida, bai ga abin da ya kai kajin Tsohuwa yawa ba. Ya jira ta tafi barkar haihuwa, ya samo fenti shuɗi, ya shige akurki. Ya fara kama zakara, ya zana masa sifili a gadon baya. Kajin kuma ya bi su da ɗaya, biyu, uku, ya shigar da kowace a kwamfuta da kamanninta.

Tsohuwa ta dawo ta tarar da zakaranta yana yawo da shuɗin da'ira a baya, kaji kuma kowace da irin zanenta. Ta saki salati. Maƙwabciyarta Hansai ta leƙo ta katanga, ta dafe ƙirji, ta ce, "Tsohuwa, kar ki taɓa su! Asiri ne. Haka aka yi wa wata gwaggona a Kafur, kafin sati kajin suka riƙa cara irin ta zakaru." Kafin ka ce me, tsakar gida ta cika da mata, wata na cewa a kira liman, wata na cewa a nemo garwashi da turare.

Sai ga Mudi ya rarrafo daga akurki, gashin kaza a ka, fenti har gwiwar hannu.

Tsohuwa ta dube shi, ta ce, "Maigida, ashe kai ne bokan?" Haka take kiran sa cikin wasan jika da kaka.

"Ci-gaba na kawo miki, amarya. Daga yau ba sai kin ce waccan mai wuyan ba, ko waccan mai ɗingishin. Faɗi lamba kawai."

"To ba ni ta uku."

Mudi ya tokare murfin kwamfuta, ya rubuta ɗauko uku. Rubutu ya fito: wake-wake mai guntun bindi. Ya juya fuskar kwamfutar yana nuna wa mata. Suka duba, suka dubi kazar, tana can bisa rumbu tana gyaran fiffike.

Hansai ta ce, "Ina ce na'urar ce za ta kamo ta?"

"Na'ura ta gama nata. Kamawa ƙaramin aiki ne."

Ƙaramin aikin nan sai da ya kai shi bayan gari. Ya dawo da kazar da la'asar, wandonsa a yage, ƙarangiya ta yi masa ado har ƙugu.

Washegari Tsohuwa ta yi baƙo, ta sa aka yanka mai lamba ɗaya. Mudi ya cire ta daga jeri. Nan take Rumbu ya matso da sauran: ta biyu ta koma ta ɗaya, ta uku ta koma ta biyu, haka har ƙarshe. Abin da ke bayan kaji ya saɓa da abin da ke cikin kwamfuta. Mudi ya yi nazari, ya yanke hukunci cewa kwamfuta ce mai gaskiya, kajin ne suka yi kuskure. Ya sake kama su ɗaya bayan ɗaya, ya shafe tsohuwar lamba da fenti, ya zana sabuwa a gefe. Bai gama hutawa ba shaho ya sure guda. Ya sake shafewa, ya sake zanawa. Aka ba wata jika kaza ta tafi da ita, ya sake. Kafin mako ya zagayo, kajin Tsohuwa sun zama shuɗɗa tun daga wuya har bindi, mutane na zuwa kallo daga unguwanni. A ƙarshe Tsohuwa ta tsaya ƙofar akurki da muciya a hannu, ta ce, "In ka ƙara taɓa min kaza, kai zan sa wa lamba a goshi."

A majalisa kuwa rahoton da ya kai shi ne an yi gagarumar nasara. Ya ce, "'Yar matsalar da aka samu daga ɓangaren kajin take. Ba su da tarbiyyar tsayawa a layi."

Malam Aƙilu ya ce to a gwada da suna, tunda shi suna ba ya gudu. Mudi ya ce ai a wurin Baki Ɗaya suna ma jeri ne, jerin haruffa. Ya rubuta Aƙilu, ya ce nawa. Kwamfuta ta ce shida.

Malam Aƙilu ya ƙirga da yatsu, ya ce, "Biyar ne."

"Shida ta ce."

"Injiniya, tun kafin a haife ka nake rubuta sunan nan."

Mudi ya ce a ɗauko harafi na biyu a gani. Sai ga wani ɗan akwati ya fito da alamar tambaya a ciki. Abin da ya faru shi ne harafi mai ƙugiya, irin ƙ da ɗ da ɓ, gurbi biyu yake ci a cikin na'ura, Rumbu kuwa gurbi yake ƙirgawa, ba harafi ba, don haka rabin ƙ ya ɗauko. Mudi bai san da haka ba a lokacin. Ya ƙura wa akwatin ido, ya girgiza kai cikin alhini, ya ce, "Malam, ka yi haƙuri. Akwai harafin da aka ɓoye maka tun ranar suna."

"Wa ya ɓoye?"

"Wannan sai a tambayi manya a gida."

"Mahaifina ne ya raɗa min suna da bakinsa! Me zai yi da harafi guda, miya zai sa?"

Rabe ya ce, "A buɗe akwatin mana, wataƙila gado ne a ciki."

Sai da Mudi ya gwada Ɗahiru, ya gwada Ɓaidu, ya ga kowa da nasa akwatin, sannan ya gane ƙugiya ce ke kawo rigima. Ya kuwa yi mata maganin da ya fi sauƙi. Ya umarci Rumbu da ya aske ƙugiyar duk harafin da ya shigo. Aƙilu ya koma Akilu, ƙidaya ta koma biyar, Mudi ya miƙe tsaye a kan benci ya ce a tafa.

Ana cikin kaka a lokacin, an tara audugar 'yan ƙungiya a sito ana jiran awo. Mutanen wajen kuwa kaɗa suke ce wa auduga. Malam Aƙilu ya ce a tura wa kowa saƙon waya: akwai kaɗa a siton ƙungiya, kowa ya zo da safe. Mudi ya tura ta bakin Rumbu. Abin da ya isa wayoyin mutane shi ne: akwai kada a siton kungiya, kowa ya zo da safe.

Da yawa sun gane abin da ake nufi, don an saba rubutun waya ba ƙugiya. Amma saƙon ya faɗa wayar Hussaini mafarauci, wanda ya daɗe bai kama abin da ya wuce gafiya ba, kuma abin yana cin sa a rai. Da aka karanta masa yadda aka rubuta, ya miƙe ya ce, "Na sha faɗa muku akwai shi a rafin nan, kuka ce mafarki nake." Ya aika wa abokan farautarsa. Labari ya zaga gari, yana tafe yana ƙara tsawo. Da ya kai gidan Hansai, kadan ya riga ya haɗiye ma'aunin ƙungiya da mai gadi.

Da safe manoma suka zo awo, suka tarar an kewaye sito da karnuka da mashi da bindigar toka. Hussaini ya sha layu har wuya, yana kirari yana tsalle. Malam Aƙilu na ta ihu, "Kaɗa ce! Auduga!" amma kalangu ya fi shi murya. Aka ɓalle ƙofa, aka saki karnuka. Suka yi ta birgima a cikin auduga, suka fito farare tas kamar tumakin da aka yi wa wanka. Hussaini ya bi tulin yana soka mashi, yana cewa, "Fito, na san kana ciki!"

A haka Alhaji Bature ya iso, babban mutum mai babbar riga da babbar murya. Ya dubi audugar da ke tashi a iska, ya ce, "Wane ne ya tura saƙon nan?"

Mudi ya fito gaba ba ko ɗar, ya ce, "Ni ne, Alhaji. Ka dai ga saurin isarsa."

Alhaji ya buɗe baki zai yi faɗa, sai ya waiwaya ya ga taron. Tunda ya hau shugabanci bai taɓa kiran taro mutane suka cika haka ba. Har waɗanda suka yi shekaru ba sa zuwa ga su nan a kan katanga. Ya rufe bakin, ya shafa gemu, ya ce, "Yaron nan akwai hauka, amma akwai jan jama'a. Malam Aƙilu, a ba shi Ranar Manoma. In ya fitar da mu kunya a gaban baƙi, babur nasa ne."

Ranar Manoma ita ce babbar ranar ƙungiya. Ana baje amfanin gona da dabbobi a filin makaranta, alƙalai su duba, a raba kyaututtuka. Bana an gayyato wakilin ofishin gona da wani babban dillalin auduga daga Malumfashi, Alhaji kuwa yana so su ga ƙungiyarsa ta waye.

Mudi ya ce ba a bukatar mai gabatarwa, Rumbu zai yi magana da kansa ta lasifika. Rabe ya ba shi shawara ya mayar da ƙugiya tukuna, Mudi ya ce ba shi da lokacin ƙananan abubuwa. Abin da ya ba lokacinsa gyara biyu ne. Na farko, ya hana Rumbu yin ƙorafi. Ya ce, "Wasu yarukan in ka miƙa musu buhu a inda suke jiran mutum, sai su tsaya suna gardama. Nawa ba ya gardama, ai duk baki ɗaya ne." Na biyu, in jeri ya ƙare, Rumbu ba zai ce babu ba, sai ya koma farko ya ci gaba. "Yarena ba ya ba maigidansa kunya," in ji shi.

Ranar ta zo. An kafa rumfuna, an jera kujeru, janareta na ta ruri a bayan aji. Babur ɗin ƙungiya na gefen rumfar manya, an wanke shi an ɗaura masa kyalle. Mudi ya sa kwat a cikin zafin nan, ya yafa wa bulonsa hankici. Jeri huɗu gare shi: masu gasa bisa matsayin da alƙalai suka ba su, kyaututtuka, manyan baƙi da Alhaji Bature a kan gaba, da dabbobin da aka kawo. Ya zuba su duka a cikin wani babban jeri guda, ya ce wannan shi ne jerin jeruka, ko a Legas ba a taɓa yin irinsa ba.

Malam Aƙilu ya tsaya a kansa yana faɗa masa: "Masu gasa su ne na ɗaya, kyaututtuka na biyu, manyan baƙi na uku, dabbobi na huɗu." Daidai lokacin wani ya ɗaga waya zai ɗauki hoto. Mudi ya gyara kwat, ya karkata kai, yana murmushi yana danna lambobin yadda aka faɗa masa. Dokar da ya kafa da kansa, ta fara ƙidaya daga sifili, ta fice masa daga kai. Kowane jeri ya goce da gurbi guda.

Aka yi addu'a. Alhaji Bature ya miƙe ya ce yau jama'a za su ga abin da ba su taɓa gani ba. Ya yi gaskiya. Mudi ya danna, lasifika ta yi ƙara, wata murya mai kama da ta mai mura ta fito.

"Muna maraba da manyan baki."

Aka fara ƙunshe dariya. Dillalin Malumfashi ya shafa leɓensa, ya dubi na kusa da shi.

"Mai girma, Bajimin Ubaidullahi."

Ubaidullahi, wani makiyayi da ya kawo bajimi gasa, ya ji sunansa, ya miƙe yana ɗaga hannu yana godiya. Sai bajimin ya amsa da kansa daga turke, da wani kuka mai tsawo.

"Mai girma, Tunkiyar Hansai. Mai girma, Jakin Malam Akilu."

Malam Aƙilu ya ce, "Injiniya, jakina ne mai girma?"

Mudi ya ɗauki makirufo ya ce, "Jama'a a kwantar da hankali. Sabon tsari ne, daga ƙasa ake farowa." Ya yi maza ya tsallake zuwa rabon kyaututtuka, gumi na bin kwat.

"Wanda ya zo na daya: Injin feshi."

Kowa ya dubi injin feshin da ke kan tebur, shi ma kamar yana jira.

"Kyauta: Alhaji Bature."

Wata mata ta rangaɗa guɗa tun kafin ta gane abin da aka ce. Alhaji ya juyo a hankali ya dubi Mudi.

"Wanda ya zo na biyu: Buhun taki. Kyauta: Wakilin ofishin gona."

Wakilin ya ce, "Ni? Buhu aka ba ni, ko ni aka ba buhu?"

"Kai aka ba shi, ranka ya daɗe," in ji wani daga baya. "A kawo igiya!"

Mutane suka fara faɗuwa daga kan benci. Mudi na ta danne-danne, bai ga inda kuskuren yake ba. Rabe ya haɗa hannu a baki ya ƙwala masa kira, "Sifili! Kashe abin nan!"

Jin sunan sai Mudi ya daki goshi. Ya tuna. Ya ce, "Na gano! Minti ɗaya!" Ya mayar da jerin masu gasa sifili. Cikin gaggawa bulo ya goce, murfi ya faɗo masa a yatsu, ya ɗaga, ya danna ci gaba, bai taɓa jerin kyaututtuka ba.

"Wanda ya zo na daya: Tsohuwa."

Wannan gaskiya ne, don kajinta ne suka zo na ɗaya, duk da shuɗin da bai gama fita ba. Mata suka ɗauki guɗa. Mudi ya buɗe hannuwa yana karɓar tafi.

"Kyauta: Alhaji Bature."

Tsohuwa ta miƙe. Ta gyara mayafi, ta tako a hankali har rumfar manya, ta kama hannun rigar Alhaji, ta ce, "Alhamdu lillahi. Tun ina yarinya ban taɓa cin ko allura ba. Tashi mu tafi."

"Haba Inna," in ji Alhaji, "kuskuren na'ura ne."

"A gaban jama'a aka faɗa. Akwai rufin ɗakina da ke yoyo, ga rijiya na son yasa. A kira min keke napep, ba zan iya ɗaukar sa ba."

Lasifika kuwa ba ta tsaya ba. Aka ba Ubaidullahi wakilin ofishin gona. Aka ba wani manomin dawa dillalin Malumfashi, manomin ya ce shi dai ya gode, dama yana neman sa. Manyan baƙi ba su da yawa, masu gasa kuwa rututu, don haka jerin baƙi ya ƙare, Rumbu ya koma farko kamar yadda aka koya masa.

"Hussaini mafarauci. Kyauta: Alhaji Bature."

Hussaini ya taso da gudu ya kama ɗaya hannun rigar. Tsohuwa ta ce, "Saki! Ni na fara cin sa."

"Ni ma sunana aka kira, Inna. Sai dai a raba."

"A raba a gidanku!"

Jeri ya sake zagayowa: "Hansai. Kyauta: Alhaji Bature."

Hansai ta ajiye tunkiyarta ta nufo rumfa tana cewa ita ranar Talata kawai take so, ya kai ta kasuwa a mota. Alhaji na tsakiya, ana jan rigarsa gabas da yamma, hularsa ta karkace, yana kiran Malam Aƙilu da duk muryar da Allah ya ba shi. Wakilin ofishin gona ya ɓuya a bayan dillali, don Ubaidullahi na tsaye a gabansa cikin ladabi yana tambaya ko yana cin dusa. Malam Aƙilu ya ruga bayan aji ya kashe janareta. Muryar ta mutu tana tsakiyar ba wa wani mutum na huɗu Alhaji Bature.

Da ƙyar aka ɓamɓare Hussaini da Hansai. Alhaji ya gyara hula, yana haki, ya ce a tura babur a mayar sito, a sa masa kwaɗo biyu. Mudi ya bi babur ɗin da ido har ya sha kwana. Duk da haka ya matso, ya ce, "Alhaji, in ka lura, tsarin bai tsaya ba ko sau ɗaya. Mutum, dabba, buhu, duk ya karɓe su ba bambanci. Abin da na yi alkawari ke nan."

"Shi ne abin da na gani," in ji Alhaji. Ya dubi hannun rigarsa, har yanzu Tsohuwa na riƙe da shi gam. Ya sassauta murya, ya ce, "Inna, mu yi musaya. Ki sake ni, ga wannan na ba ki shi kyauta, har da kwamfutarsa da bulonsa."

Tsohuwa ta dubi Mudi tun daga takalmi har kwat, ta taɓe baki, ta ce, "Wannan ai ina da shi a gida. Tuwo kawai yake ci."

Sai da aka ɗora mata injin feshi a kan tayin, aka ƙara da buhun taki, sannan ta saki rigar. Ta sa aka goya wa Mudi injin a baya, aka aza masa buhun a ka, kwamfuta a hammata. Jama'a suka dare suka ba su hanya. Tana gaba yana biye, yana ce wa Rabe ta gefen baki ai gobe zai fito da Rumbu na biyu.

Tsohuwa ba ta ko waiwayo ba, ta ce, "Gobe kana kan rufin ɗakina, Injiniya. Aikin da na so in sa Alhaji, kai ka gaje shi."